Shekarar da Na Kai Maƙwabtanmu Ƙara

Gidanmu na unguwar Ainu Shams a Alƙahira da sunana aka saye shi, ba da sunan mahaifinku ba, kuma daga nan maganar ta faro. Ku da kuka tashi a cikinsa kun san ba gida ne irin namu na Kano mai soro da tsakar gida ba, ɗakuna ne uku da falo a hawa na biyar na wani tsohon bene, abin da mutanen Masar suke ce wa shaƙƙa. Gumina ne, na abayoyi da mayafai da turaren da na yi shekaru ina ɗaurewa ina aikawa gida. Malam kuwa ko a jikinsa, shi dai a bar shi da littattafansa da wurin shimfiɗa darduma. Ranar da za a rubuta takardar ciniki na ce ya sa sunansa, ya ce Allah ya kiyaye Badamagare ya ci gumin Bakanuwa, ai har jikoki sai sun ji gorin. Muka yi dariya, aka rubuta nawa. Ku karanta wannan babin a tsanake, domin kowannenku ya tsinci guntun labarin a bakin wani, babu wanda ya ji shi daga bakin wadda ta tayar da rigimar.

Kowane bene a Alƙahira yana da ƙungiyar mazaunansa. Lokaci-lokaci sai a jera kujerun roba a ƙasa, wajen ƙofar shiga, a yi ta musu kan injin tura ruwa da fitilun matakala, in an gaji a ɗaga hannuwa a ƙirga. Kowane gida murya ɗaya. A shekararmu ta farko aka aiko mana, Malam ya sa riga ya sauka, ni kuma na laɓe a matakala ina saurare, don tun ina yarinya ban iya a yi magana kusa da ni ban ji ba. Da aka zo kansa sai na ji muryarsa, da Larabcin nan nasa na littafi mai sa masu sayar da tumatir su saki baki.

“Mu zuwa muka yi, ku muka tarar. Duk abin da kuka yanke mun yarda.”

Aka yi ta yaba ladabinsa. Da ya hawo na tare shi a bakin ƙofa.

“Malam, wa ya aike ka ka kyautar da bakinmu?”

“Kara ce, Hajiya,” in ji shi. “Ka ce wa mutane su yanke, su kuma su ce a'a, sai sun ji ta bakinka. Haka ake zama.”

Haka ake zama a Damagaram, inda in ka yi wa mutum kara sai ya mayar maka da wadda ta fi ta. A Ainu Shams karɓa aka yi aka sa a aljihu. Daga ranar ba a ƙara ƙwanƙwasa mana ƙofa don taro ba, ni ma hidimarku da ta kasuwa ta ɗauke mini hankali.

Abin da ya raya gidanmu a waɗannan shekarun shi ne Juma'a. Da an sauko daga masallaci sai ɗalibai su fara hawowa, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, daga Abbasiya da sauran lungunan da suke haya. Wasu karatu ne ya kawo su, wasu kuwa ni na san tuwo ne, nahawun rakiya ya yi. In tuƙa tuwo in kaɗa miyar kuka da daddawar da matafiya suke kawo mini, Malam ya zauna a tsakiya yana warware musu abin da ya shige musu duhu a jami'a. Wani ya yi shekaru bai ga uwarsa ba, in ya sa loma a baki sai idonsa ya kawo ruwa ya ce yaji ne. Maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, Ummu Hani, takan toshe hanci ta ce daddawa za ta kashe ta, sannan ta miƙo kwano. Ita ta riƙe mini ku lokacin da na kwanta asibiti haihuwar Auta, ba zan ɓoye alherinta ba.

Sai aka zaɓi Ustaz Midhat shugaban ƙungiya, wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya rasa wanda zai ba umarni. A lokacin ne tukunyar gas ta wani ta ɓata a matakala. Ba wanda ya ga mai ɗauka, amma aka yi taro ba da mu ba. Wata Juma'a na kwashe tuwo har ya fara hucewa, shiru ba motsi a matakala. Na leƙa ta baranda, sai ga ɗaliban can tsallaken titi sun jeru a jikin shagon mai guga suna kallon sama. Na yafa mayafi na sauka. Mai gadinmu, Ammu Sabir, dattijon da ya sha cin tuwona, yana zaune a bencinsa ya ƙi haɗa ido da ni.

“Ma'alish, ya hagga,” ya ce, wato yi haƙuri, Hajiya. “Umarnin taro ne. Masu ziyara ba sa hawa.”

Bai rufe baki ba wani saurayi fari ya shigo da leda a hannu ya haye sama, ba wanda ya ce masa daga ina.

“Wannan fa? Ɗan gidan nan ne?”

Ya shafa fatar bayan hannunsa da yatsa, ya ce a hankali, “Ba irinsa aka ce mini ba.”

Na hau ina haki na faɗa wa Malam, ina jiran ya tashi. Ya tashi ɗin, amma littattafansa ya tattara ya sauka, ya ja ɗalibansa zuwa wani lungu na masallacin unguwa suka ci gaba da karatu. Tuwo kuwa ba a shiga da shi masallaci. Kun san kwandon nan da matan Masar suke zurarawa da igiya daga baranda, mai shago ya sa musu burodi su janye? Shi na koma yi. Duk Juma'a in jera kwanuka a kwando in zurara daga hawa na biyar, igiya tana cin tafin hannuna, miya tana ɗiga a kan shanyar mutanen ƙasa, mahaddatan Alƙur'ani suna tsaye a titi suna miƙa hannu sama, duk unguwa an fito baranda ana kallo. Na tsani igiyar nan. Na kasa zama wuri ɗaya a gidan, in shiga kicin in manta abin da ya kai ni, in ɗauki ɗinki in ajiye, in fita baranda in dawo. Malam ya ce in yi haƙuri zai wuce, ni kuwa ji nake kamar an zuba mini garwashi a riga.

Wani yammaci na ji ƙarar jan kujeru a ƙasa, na ɗauki kujerata ta kicin na sauka na dasa ta a gaba. A gefena ga wani mutumin Sham mai shagon kayan zaƙi, wanda bai daɗe da tarewa ba, shi ma ba ɗan ƙasa ba, yana zaune da kofin shayi ana ta shawara da shi. Na ce ina so a sake duba maganar ƙofa. Ustaz Midhat ya yi mini murmushin da ake yi wa ƙaramin yaro.

“Ya madam, mijinki ya bar mana komai tun tuni. Ki hau ki huta.”

“Gidan nawa ne, kuma ban gaji ba.”

Wani ya ce a ɗaga hannu kawai a rabu da ni. Masu son a bar ƙofa yadda take suka ɗaga, aka ƙirga. Aka ce masu son a buɗe, na ɗaga nawa har kafaɗata ta amsa. Ina kallon yatsan Ustaz Midhat yana zagaya mutane, ya zo kaina ya tsallake kamar yadda ake tsallake kwata, ya ce babu kowa, magana ta ƙare. Hannuna yana sama aka fara kwashe kujeru. An sha kirana da sunaye a titunan garin nan waɗanda ba zan rubuta muku ba, amma babu wanda ya ƙona ni kamar yatsan nan.

Wata mai sayen turarena ce ta haɗa ni da lauya, Ustaza Nawal, a wani ɗan ofis a Abbasiya a saman shagon masu matse rake. 'Yar Aswan ce ta kudancin Masar, ta ma fi ni duhun fata, don haka ban sha wahalar bayani ba. Ta ce maganar kashi biyu ce. Na farko mai sauƙi ne, doka ta ba duk mai gida a bene murya a taronsa. Na biyu, maganar launi, shi ne mai wuya.

“Ba wanda yake rubuta abin da ke zuciyarsa, ya hagga. Za su ce tsaro ne, za su ce tsari ne, su yi ta ja har ki gaji. Za ki gaji?”

Na ce ta tambayi 'yan kasuwar da suka taɓa ciniki da ni. A gida ne na fara sanin tsadar abin, don Malam ajiye littafi ya yi ya daɗe yana dubana.

“Maƙwabci, Hajiya? Gaban alƙali? Mutanen da in gobara ta tashi su za su fara kawo ruwa?”

“Su ne kuma suka tsayar da ɗalibanka a titi.”

“Ɗalibaina ba su kai ƙara ba.”

“Ba su da gida a benen nan. Ni ina da shi.”

Bai hana ni ba. Da ya buɗe baki ya ce kada in je, wallahi da na bari ko da zan mutu da abin a ciki, shi ma ya san haka. Cewa ya yi kawai kada in sa shi a ciki. Dattawan Hausawan garin nan suka yo ayari don su ba ni baki, sai Ammu Sabir ya tsayar da su a ƙofa, dole ni na sauka na same su a titi. A nan tsaye suka yi mini nasiha cewa ƙasar mutane ce, in na ta da rigima masu gidajen haya za su huce a kan yaranmu. Na ce su dubi inda suke tsaye. Ba su ji daɗi ba. Ranar da sammaci ya iso benen kuwa, Ummu Hani ta ƙwanƙwasa ta miƙo mini kwanona an wanke shi tas, ba komai a ciki, alhali a nan ma kamar gida ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam.

“Har da mijina a cikin waɗanda kika kai, kin sani?”

Na ce na sani. Ta juya ta rufe ƙofarta, na tsaya da kwano a hannu ina jin tana sa sakata.

Shari'a ba abin da na zata ba ce. Na ɗauka zan tsaya in zazzage cikina alƙali ya buga tebur, ashe jira ne. In fita da sassafe in shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, a tsaye, in sauka in hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, in tarar da farfajiyar kotu cike da mutane da hayaƙin taba, a kira sunana a murɗe, lauyoyi su yi ƙus-ƙus a gaban alƙali, kafin in gyara mayafi an ɗaga zuwa wani watan. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Na rame, na zama mafaɗaciya, ku kanku kun sha tsawar da ba laifinku ba. Lauyansu ya kafe a kan cewa dokar ƙofa ta kowa da kowa ce, kuma gidanmu da bakinsa ya sallama muryarsa a gaban shaidu. A ƙarshe alƙali ya ce yana so ya ji daga bakin wanda ya yi maganar. Na yi ta kewaya Malam na kasa faɗa masa, ni da ba a san ni da nauyin baki ba.

“Na ce kada ki sa ni,” in ji shi, da na faɗa.

“Ba ni na sa ka ba, alƙali ne.”

“To,” ya ce. “Tunda alƙali ne ya kira, zan je.”

Ku sani, kakanku na wajen uba malami ne mai zama a zauren alƙalin garinsu, a bakin wannan zauren Malam ya tashi. A idonsa alƙali ba ma'aikaci ba ne, mutum ne mai ɗauke da amanar Allah a wuya. Duk shekarun da ya yi a Masar bai taɓa taka kotu ba. Ustaza Nawal ta zaunar da shi ta koya masa yadda zai amsa tambayoyi, a taƙaice, ban da wa'azi. Ni kuma na goge masa rigar da zai sa. Babu wanda ya tuna ya faɗa masa yadda ake shiga.

Ɗakin ya cika maƙil ranar, Ustaz Midhat yana benci na gaba da mutanensa. Aka ƙwala kiran sunan Malam. Ya zo bakin ƙofa da babbar rigarsa fara, ya tsaya, ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe. Na so in yi masa alama, bai dubi kowa ba. Ya tako ƙafa ba takalmi a kan daɓen nan mai datti, kansa a ƙasa, har gaban teburin alƙali, ya tattara rigarsa ya durƙusa, ya dunƙule hannu ya ɗaga, ya ce Allah ya gafarta wa alƙali, yadda ya ga ubansa da manyan garinsu suna yi. Wani ne ya fara daga baya, sai ɗakin ya ɗauka, dariya har da masu buga cinya. Mahaifinku, wanda malaman jami'a suke tashi tsaye in ya shigo, yana durƙushe da furfurarsa ana yi masa dariya, kuma ni na kawo shi. A cikin hayaniyar Ustaz Midhat ya manta inda yake. Ya juya ga na kusa da shi yana share hawayen dariya, ya ɗaga murya don a ji shi, daidai lokacin da dariyar ta fara lafawa.

“Kun gani? Bawa ya san wurinsa. Waɗannan ne za su zauna a kujera su ɗaga mana hannu?”

Kowa ya ji. Ustaza Nawal ta miƙe zumbur ta roƙi kotu a rubuta abin da shugaban ƙungiya ya faɗa. Alƙalin, wani siriri mai tabarau wanda duk zuwan da nake yi ban taɓa ganin ya ɗago kai daga takardu ba, ya ɗago. Ya dubi Ustaz Midhat har sai da ya sunkuyar da kai, ya ce wa magatakarda ya rubuta. Sannan ya leƙo ta saman tebur.

“Tashi, ya shaikh. A nan ba a durƙusa wa kowa.”

Malam ya dafa gefen tebur ya tashi da ƙyar. Aka tambaye shi ko ya taɓa cewa duk abin da aka yanke sun yarda, ya ce ya faɗa. Aka ce to ya sallama muryar gidansa ke nan?

“Girma na ba su, na zaci za su mayar mini,” in ji shi. “Kuma gidan na matata ne. Ba na kyauta da abin da ba nawa ba.”

Da aka sallame shi ya koma bakin ƙofa, takalmi ɗaya ya tarar. Masu shige da fice sun shure ɗayan ƙarƙashin benci, sai da na rusuna na zaro shi daga tsakanin ƙafafun mutane. Ustaza Nawal ta kama hannuna a waje tana cewa halas, an gama, sun kashe kansu da bakinsu. Muka kama hanyar gida. A metro wani saurayi ya tashi ya ba Malam wuri, ya ƙi zama.

Labari ya riga mu isa unguwa. Manya ba su ce komai ba, amma abin da ake faɗa a ɗaka shi yara suke fitowa da shi titi. In Malam ya fito za shi masallaci sai 'yan ƙwallo su bar ƙwallo, su cire silifas su durƙusa a gabansa suna ɗaga hannu, in ya wuce su fashe da dariya. Na so in sauka da muciya, ya hana ni, wannan karon da babbar murya. Ya daina salla a masallacin unguwa, ya koma wani mai nisa inda ba a san shi ba. Daga baya ya rage fita gaba ɗaya, karatun Juma'a ya tsaya. Yana cin abinci, yana tambayarku makaranta, amma ya daina tsokanata da Kanawa. Nakan ja shi da gangan, in ce Damagarawa kaza da kaza, sai ya yi murmushi kawai ya koma littafinsa.

Hukunci ya fito bayan an shiga wani sanyin. Kotu ta ce ina da murya a taro kamar kowane mai gida, ta rushe abin da aka yanke a kan ƙofa, ta kuma ce ba a bambanta masu ziyara saboda launin fata. Ustaza Nawal ta ce ba don abin da ya faru ranar nan ba, da wannan na ƙarshen ba mu same shi ba. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa na kasa yin guɗar da na ci alwashi. Ustaz Midhat kuwa bai haƙura ba. Ya kira taro, wannan karon har ƙofata aka ƙwanƙwasa, ya sake wa maganar riga: kada kowa ya tara mutane a gidansa ranar Juma'a, don hutun jama'a. Ba launi a ciki, amma kowa ya san gidan da ake nufi. Aka ce masu goyon baya, hannuwa suka tashi, sai dai ba kamar da ba, don wasu sun tuna suna da surukai masu zuwa cin abincin Juma'a, wasu kuma sun gaji da hanyar kotu. Aka ce masu ƙi, na ɗaga. Mutumin Sham ya dubi hagu da dama ya ɗaga nasa, wasu suka biyo baya. Ummu Hani, da ta wakilci mijinta ranar, ta dunƙule hannuwanta a cinya, ba ta ba su ba, ba ta ba ni ba. Yatsan ya zagayo, ya yi ɗan jinkiri a kaina, sannan ya ƙirga. Da ƙyar muka rinjaye su.

Na hau na tarar da Malam a falo zaune a kan dardumarsa.

“Malam, an buɗe ƙofa.”

“Kin ɗaga hannun?”

“Na ɗaga.”

“Sun ƙirga?”

“Sun ƙirga.”

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Ki aika wa ɗalibai su zo Juma'a. Ki kuma sauko mini da akwatina daga saman kabad, bayan Salla zan tafi gida.”

Na ce ziyara? Ya ce gida dai. Na ce to mu tattara gaba ɗaya, ya ce a'a, yara suna tsakiyar karatu, kuma ba zan sha wannan wahalar a kan kujera sannan in tashi in bar ta ba. Na yi kuka, na yi faɗa, na roƙi dattawan nan da na ɓata wa rai suka hawo har falo suka ba shi baki. Ya saurare su da ladabi ya raka su ƙofa. Ya karantar da ɗalibansa duk Juma'ar da ta rage, ya ɗora babbansu a wurinsa, muka raka shi filin jirgi. Sauran kun sani. Ina zuwa Damagaram duk shekara, ku ma kuna zuwa hutu, shi kuwa bai ƙara taka Masar ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan ce muku na yi nadama ba, don ban yi ba. Har yau in na ji an ja kujeru a ƙasa sai na dogara sanda na sauka, ko da maganar fitila ce. Amma akwai tambayar da ta hana ni sakat, kuma sau ɗaya na iya yi masa ita, a waya, a shekararsa ta ƙarshe, lokacin muryarsa ta fara dushewa.

“Malam, don Allah ka faɗa mini. Da na bari ya fi?”

Ina jin numfashinsa, ina jin kukan akuya a tsakar gidansu. Sai ya tambaye ni:

“Ɗalibai suna hawowa?”

“Suna hawowa.”

“To ki gaishe su,” ya ce, ya miƙa wa ƙanwarsa wayar.